Waƙar da Ta Zo Cikin Barci



Yaranmu kan ɗauka waƙa daga sama take faɗowa. To, ga labarin Paul McCartney na ƙungiyar mawaƙan Beatles ta Ingila. Wata safiya a Landan ya farka da wani karin waƙa a kansa, nan take ya zauna gaban fiyanon da ke gefen gadonsa ya yi ta kaɗawa don kada ya kuɓuce masa. Baituka kuwa babu, sai ya laƙaba masa sunan wucin gadi, wai soyayyen ƙwai.

Ya yi kusan wata guda yana tambayar abokan sana'a ko sun taɓa jin karin, gudun kada ya ci haƙƙin wani. Sai a 1965, yana Fotugal, ya kammala baitukan, aka ɗauki waƙar "Yesterday" a watan Yuni.

Uwargida, in ɗanki ya kawo miki waƙe ko labari, kafin yabo ki tambaye shi: "Naka ne? Sau nawa ka gyara?" Baiwa ba ta hana gumi, ba ta kuma halasta kayan wani.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.