Gwadangaji: Gwamnati na maƙwabtaka, amma lambatun unguwa na wa ne?

Duk ranar aiki da safe, motoci da babura da Keke Napep kan yi ta kwarara zuwa Gwadangaji ɗauke da ma'aikata, domin a nan sakatariyar Jihar Kebbi take. A ofisoshinta ake rubuta takardun da ke tafiyar da al'amuran ƙananan hukumomi 21 na jihar, tun daga Argungu har Yawuri da Zuru. Wanda ya ga haka zai ɗauka babu garin da ya kai Gwadangaji kusanci da gwamnati.

Sai dai idan mutum ya sauka daga kwalta ya kutsa cikin unguwa, musamman a tsakiyar damina, zai tarar da irin matsalolin da ke damun kowane gari da ke gefen babban birni a Arewa: lungun da ruwa ke kwanciya, lambatun da leda da yashi suka toshe, bolar da ke ƙara tudu, da 'yan ga-ruwa masu tura kura daga gida zuwa gida. Tambayar da ke da wuyar amsa ita ce, idan lambatun ƙofar gidanka ya toshe, ofishin wa za ka nufa? Na kansila, na shugaban ƙaramar hukuma, ko na wata hukumar jiha?

Garin da birni ya cim masa

Gwadangaji na ɗaya daga cikin mazaɓu 15 na Ƙaramar Hukumar Birnin Kebbi, tare da irin su Ambursa da Zauro da Makera da Gulumbe, kuma yana ƙarƙashin Masarautar Gwandu. Kafin 27 ga Agusta, 1991, ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, gari ne da rayuwarsa ta rataya a kan gona da fadama, kamar sauran garuruwan kwarin Rima.

Da Birnin Kebbi ya zama babban birnin jiha, sai ma'aikata suka taso daga Sakkwato, 'yan kasuwa suka biyo su, aka shiga neman gidajen haya da filaye. Gonaki suka koma fuloti, fuloti suka koma gidaje. Abin da bai tafi da irin wannan sauri ba shi ne magudanan ruwa da bututun famfo da wurin zuba shara. A unguwanni da yawa an riga an yi gini kafin a fitar da hanya, kuma kowa ya san cewa fitar da lambatu bayan an gama gini rigima ce da maƙwabta.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ma tana da hannu a ciki. Ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ta bai wa ƙaramar hukuma ikon bayar da su bisa al'ada. Garin da jiya ƙauye ne, yau kuma unguwar birni, ya faɗa tsakanin biyun. Mutane da dama sun sayi filayensu daga magada da takardar yarjejeniya da shaidar mai unguwa, ba tare da wani mai tsara gari ya auna inda ruwan sama zai bi ba.

Abin da doka ta ce

A rubuce dai babu ruɗani. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai gina da gyara hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da fitilun kan titi, kwashe shara, kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da banɗakunan jama'a, kula da maƙabartu, sanya wa tituna suna da bai wa gidaje lamba, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Haka kuma tana da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma.

A aikace kuwa, da yawa daga cikin waɗannan ayyuka sun koma hannun hukumomin jiha, kuma lamarin ya fi tsanani a babban birni. Tsarin gari da izinin gini na Hukumar Raya Birane ta jihar ne, wato KUDA. Ruwan famfo na Hukumar Ruwa ne, wadda ke tura shi daga matatar Dukku. Firamare na ƙarƙashin SUBEB, asibitocin sha-ka-tafi kuma suna ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta jiha, bisa tsarin da aka amince da shi a ƙasa baki ɗaya na tattara su a inuwa guda. Lantarki kuwa na kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne.

Kowanne daga cikin waɗannan sauye-sauye yana da hujjarsa. An mayar da albashin malaman firamare hannun hukumar jiha ne saboda a baya sun sha yin watanni babu albashi. Amma idan aka haɗa su wuri guda, abin da ya rage wa shugaban ƙaramar hukumar da ke babban birni kaɗan ne. Shi ya sa mai ƙorafi kan yi ta yawo: can a ce masa aikin jiha ne, nan a ce na ƙaramar hukuma ne. Kowa na jira wani ya yi.

Ina kuɗin ke bi?

Daga asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, Gwamnatin Tarayya kuma kashi 52.68. Suna kuma da kashi 35 cikin ɗari na harajin kayan masarufi na VAT. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, adadin nairar da ake rabawa duk wata ya ƙaru sosai, ko da yake tsadar siminti da man dizal da ƙarin albashi sun lashe wani ɓangare nasa. A Kebbi, Gwamna Nasir Idris ya amince da Naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024.

Matsalar ita ce hanyar da kuɗin ke bi. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekaru da dama ta nan kason ƙananan hukumomi ke ratsawa a kusan duk jihohi. A nan ake cire albashin malamai da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarautu, da kuɗin ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya saura shi ke isa hannun ciyaman, kuma talakan mazaɓa ba ya ganin lissafin.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim, wanda ya karanta babban hukuncin, ya bayyana cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rusa zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Makonni kaɗan bayan haka, a ranar 31 ga Agusta, Kebbi ta gudanar da zaɓenta, inda jam'iyyar APC ta lashe kujerun shugabanni 21 da na kansiloli 225 baki ɗaya. Amma fiye da shekara guda bayan hukuncin, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE ta ci gaba da kokawa cewa ba a aiwatar da shi yadda ya kamata ba a faɗin ƙasar.

Ko da an aiwatar da shi gobe, akwai abin dubawa. Kuɗin da ya faɗa asusun Ƙaramar Hukumar Birnin Kebbi kai-tsaye, mazaɓu 15 ne ke jiransa, kuma bukatun mai noman shinkafa a fadamar Zauro daban suke da na ma'aikacin da ke haya a Gwadangaji. Hukuncin kotu bai faɗi yadda za a raba tsakaninsu ba, bai kuma warware wanda ke da alhakin shara a cikin babban birni ba.

Jama'a sun ɗauki nauyin kansu

Inda hukuma ta bar giɓi, jama'a ne ke cikewa. Matasa kan yi aikin gayya su yashe lambatu kafin ruwa ya sauka. A masallaci ake yekuwar karo-karon katange maƙabarta ko gyaran famfon burtsatse. Idan taransifoma ta ƙone, gida-gida ake bi ana tara kuɗi. 'Yan sintiri na dare ma magidanta ke biyan su. Rigimar iyakar fili ko ta ruwan da wani ya sako wa maƙwabcinsa, gaban mai unguwa da uban ƙasa take fara zuwa.

Wannan abin yabo ne, amma yana da iyaka. Na farko, haraji ne na biyu a kan mutanen da kasonsu ya riga ya fito daga Abuja da sunansu. Na biyu, unguwar da ke da manyan ma'aikata da 'yan kasuwa takan tara abin da za ta zuba wa layinta tsakuwa, ta masu ƙaramin ƙarfi kuma ta zauna cikin taɓo. Na uku, gayya ba ta iya babban aiki. Matasa na iya kwashe yashi daga lambatu, amma in babu motar da za ta ɗauke shi, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Ruwan da ya kwanta kuma shi ke haifar da sauro, a jihar da ke cikin waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya fi addabar yara. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, ta nuna cewa a kwarin Rima maganar hanyar ruwa magana ce ta rai da dukiya.

Dattawa kan tuna zamanin En'e, kafin garambawul ɗin 1976 da ya kawo tsarin ƙananan hukumomi na yanzu. Ba su manta da zafin haraji da jangali ba, amma sun tuna duba-gari da ke shiga gida ya leƙa randa, kuma kowa ya san wanda zai tuhuma idan kasuwa ta yi datti. Wannan sanin mai alhakin shi ne abin da ya ɓace.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Akwai matakan da ba sai an jira gyaran kundin tsarin mulki ba. Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi da KUDA da Ƙaramar Hukumar Birnin Kebbi za su iya zama su fitar da takarda guda, da Hausa, mai bayyana wanda ke da alhakin shara da lambatu da fitilun titi da maƙabarta a kowace unguwar da birni ya haɗiye, a karanta ta a rediyo, a manna ta a ƙofar fadar uban ƙasa.

Haka nan ya kamata a riƙa manna kasafin ƙaramar hukuma a allon sanarwa, a nuna abin da aka ware wa kowace mazaɓa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma a intanet, don haka ƙungiyar ci-gaban gari ko ta ɗalibai na iya sauko da alƙaluman ta riƙe a hannu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta takarda ya nemi bayani daga hukuma.

Shi ma kansila yana da aiki. Mazaɓar Gwadangaji tana da wakili a majalisar ƙaramar hukuma, kuma babu abin da zai hana shi kiran taron jama'a duk bayan wata uku a harabar makarantar firamare, ya faɗi abin da ya shigo da abin da aka yi da shi, a kuma jera masa bukatu bisa muhimmancinsu. Su ma masu sayar da filaye da masu saye, dole su yarda a bar hanya da wurin lambatu tun kafin a sa harsashi.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan zama shi ne rani, tun lambatu na bushe kuma ana iya ganin inda ya toshe. Idan aka bari sai hadari ya haɗu, matasan unguwa ne za su sake fitowa da shebur da baro, a 'yan mintoci kaɗan daga ƙofar sakatariya.