IYA RUWA FID DA KAI: DARASI DAGA MASU WASAN KAYAK

 

A wannan watan zan ɗauke ki daga tsakar gida in kai ki bakin kogi, domin mu duba wani wasa da mutanen wasu ƙasashe suka mayar abin shaƙatawa, wato tuƙa ɗan ƙaramin kwalekwalen da ake kira kayak. Wataƙila kin taɓa ganinsa a talabijin ko a wayar yaranki: mutum ɗaya zaune cikin ɗan jirgi kamar ɓawon gyaɗa, da hular kwano a kansa, ruwa yana ta wurgi da shi tsakanin duwatsu. Na san abin da za ki ce, wai wannan ai neman ajali ne da kuɗinka. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, domin mutanen nan da muke yi wa kallon marasa kai sun fi mu kiyaye rai a kan ruwa nesa ba kusa ba, kuma akwai abin da ya kamata mu karɓa daga hannunsu.

Daga farauta zuwa wasa

Asalin kayak jirgin neman abinci ne. Mutanen Inuwit da maƙwabtansu, waɗanda ke zaune a yankunan ƙanƙara na Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, su ne suka ƙirƙiro shi dubban shekaru da suka wuce domin farauta a teku. Sukan haɗa ƙirarsa da itacen da ruwa ya kawo gaɓa ko ƙashin manyan dabbobin teku, sannan a lulluɓe shi da fata. Ɗinkin fatar nan kuwa aikin mata ne, kuma sai an yi shi yadda ko ɗigon ruwa ba zai shiga ba, domin ran maigida yana rataye ne da allurar uwargida. Saman jirgin a rufe yake, sai rami ɗaya inda mutum ke zama ya miƙe ƙafafunsa, yana tuƙi da filafili mai baki biyu, ya tsoma dama ya tsoma hagu.

Wani lauya ɗan asalin Sukotilan mai suna John MacGregor ne ya yayata shi a Turai a matsayin abin yawon shaƙatawa. A shekarar 1865 ya sa aka ƙera masa irinsa, ya zaga koguna da tafkunan Turai da shi, a 1866 kuma ya kafa ƙungiyar masu tuƙa irin wannan jirgi a Ingila. Daga nan abin ya bazu. An shigar da tseren kayak gasar Olamfik a Balin a 1936, mata suka fara shiga a Landan a 1948, sannan a gasar Munik ta 1972 aka kawo nau'in da ake yi a ruwa mai ƙarfi tsakanin sanduna. Mu ma Afirka ba a bar mu a baya ba, domin lambar yabo ta farko da ƙasar Togo ta samu a Olamfik a wannan wasa ta same ta, lokacin da Benjamin Boukpeti ya ci tagulla a Beijin a 2008. A gasar Faris ta 2024 kuwa wata 'yar Ostareliya, Jessica Fox, ta ci zinare biyu, ƙanwarta Noémie ta ci ɗaya.

Yawancin masu wannan wasa dai ba gasa suke yi ba. Iyalai ne da ke fita ranar hutu a tafki ko kogi mai kwanciya, su motsa jiki, su kalli tsuntsaye, su dawo gida. Jiragen yanzu galibi na roba ne mai ƙwari. Sai kuma masu ƙarfin hali, waɗanda ke neman inda kogi ya gangaro kan duwatsu yana tumbatsa har ya yi fari fat da kumfa. Nasu jirgin gajere ne, yawanci bai kai mita 3 ba, don ya yi saurin juyawa. Daga ko'ina a duniya suna zuwa kogin Zambezi, ƙasa da magangarar ruwan Biktoriya tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, da kuma kogin Nilu kusa da garin Jinja a Yuganda. Idan kina son ki gane irin ruwan da ake nufi, ki tuna da na tsohuwar Bussa a kogin Kwara, inda Bature mai yawon bincike Mungo Park ya halaka a 1806. Wurin ya nutse a ƙarƙashin tafkin Kainji bayan kammala madatsar a 1968.

Dokokin da ba sa wasa da su

To 'yar uwa, ga inda nake son ki natsu. Mai wannan wasa ba ya taɓa ruwa sai da rigar ceto, wato rigar nan mai sa mutum ya taso saman ruwa, kuma a ɗaure take tamau, ba a rataye a kafaɗa ba. Ko zakaran duniya ne, ko ya fi kifi iya iyo, sai ya sa ta. Dalilinsu shi ne, wanda kansa ya bugi dutse ko gajiya ta cinye shi, iyonsa ba zai amfane shi da komai ba. A ruwa mai duwatsu kuma sai ya ƙara da hular kwano.

Abin da ake fara koya wa sabon shiga shi ne kifewa. A wurin wanka ko ruwa marar zurfi, malami zai kifar da jirgin da gangan, ɗalibi ya koyi yadda zai zare jikinsa ya fito ba tare da ruɗewa ba. In ya ƙware, sai a koya masa dabarar da aka gada daga Inuwit, ta yadda mutum zai juyo da jirgin da ya kife da ƙugunsa da filafilinsa, yana zaune a ciki. Sun ɗauka cewa kifewa za ta zo ko ba daɗe ko ba jima, don haka suke shirya mata tun kafin ta zo.

Haka kuma sun kasa ƙarfin ruwa mataki shida. Mataki na 1 ruwa ne mai gudu a hankali wanda ɗan koyo zai iya. Na 3 sai wanda ya iya sarrafa jirgi sosai. Na 5 na ƙwararru ne zalla, na 6 kuwa ko ƙwararrun ba kasafai suke kusantarsa ba. Ba abin kunya ba ne a wurinsu mutum ya tsaya a gaɓa, ya leƙa gaba, ya ga ruwan ya fi ƙarfinsa, ya saɓa jirginsa a kafaɗa ya zagaye ta tudu. Ba sa shiga su kaɗai, ba sa shiga bayan ruwan sama ya cika kogi fiye da yadda suka san shi, kuma suna riƙe da igiya a cikin 'yar jaka da za a jefa wa wanda ya faɗa.

Sun kuma san maƙiyansu a cikin kogi. Akwai itacen da ya faɗo ya gitta, wanda ruwa ke ratsawa kamar rariya amma ya danne mutum a jikinsa. Akwai ƙasan ƙananan madatsu, inda ruwa ke zubowa ya riƙa juyawa yana mayar da duk abin da ya kama. Akwai kuma miƙewa tsaye cikin ruwa mai gudu, domin ƙafa kan maƙale tsakanin duwatsu, ruwa ya kwantar da mutum rub da ciki. Shi ya sa suke koyar da cewa wanda ya faɗa ya kwanta rigingine, ƙafafunsa a sama suna fuskantar inda ruwa ya nufa, har ya samu wuri mai kwanciya ya fita.

Mu kuma fa?

Su wasa ne ya kai su ruwa, mu kuwa larura ce: kasuwa, gona, biki, makaranta. Muna da sarkawa da masu fito da suka gaji ruwa kaka da kakanni, kuma duk wanda ya ga tseren kwalekwale a bikin kamun kifi na Argungu ya san ba a bar mu a baya wajen gwaninta ba. Amma fasinja fa? A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a ruwan Bagwai ta jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya ne da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Duk malamar da ta taɓa jera yara a sahu ta ƙirga su kafin tafiya ta san nauyin wannan labari. A watan Yuni 2023 kuma fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi ta jihar Kwara suna dawowa daga ɗaurin aure. Allah ya jiƙansu da rahama. Abubuwan da ake ta ambata bayan irin waɗannan haɗurra ba sa canzawa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, da rashin rigar ceto.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Saboda girman matsalar ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan nutsewa.

Na san wata za ta ce in kwana ya ƙare babu rigar da za ta hana. Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri, amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya koya mana mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya umarci a koya wa yara iyo. Yara amana ne, kuma za a tambaye mu.

Abin da ke hannunki

Uwargida, ba cewa nake ki saya wa ɗanki kayak ba. Amma yaranmu suna girma, wasu za su tafi karatu waje, wasu za su je wuraren shaƙatawa na bakin ruwa a Legas ko Abuja inda ake bayar da hayar ƙananan jirage. In ɗanki ya nuna sha'awa, kada ki tsaya ga faɗa kawai, domin zai iya zuwa a ɓoye. Ki kafa masa sharaɗi: ya fara koyon iyo, ya sa rigar ceto daidai jikinsa, ya fara da ruwa mai kwanciya a gaban mai koyarwa, kuma kada ya tafi shi kaɗai.

Ki shawarci maigida a nema wa yara inda za su koyi iyo a hannun amintaccen malami, 'yan mata kuma a hannun mace, a wuri mai sutura. Idan makarantar yaranki za ta yi tafiyar da za a ƙetare ruwa, ki tambaya: yara nawa ne a jirgi ɗaya, akwai rigar ceto, da rana za a dawo? In amsar ba ta kwanta miki ba, ki riƙe ɗanki a gida. Ke ma in za ki hau, ki ɗaura rigar a kan hijabinki, in kin ga jirgi ya cika ki sauka ki jira na baya, ko da 'yan biki za su yi miki tsiya. Ƙungiyoyinmu na mata da ke garuruwan bakin ruwa kuwa, cikin kuɗin adashi da anko za a iya ware na riguna kaɗan a ajiye don amfanin unguwa.

Ki kuma koya wa yara cewa in wani ya faɗa kududdufi ko rafi, kada su yi tsalle su bi shi, domin mai nutsewa yakan riƙe mai cetonsa su tafi tare. Su yi ihu, su miƙa masa dogon sanda suna kwance a gaɓa, ko su jefa masa igiya ko jarka marar komai mai murfi. A cikin gida kuma a rufe rijiya, a kife bokiti da baho bayan wanki, domin ruwa kaɗan ya ishi mai rarrafe.

Allah ya tsare mana zuri'a a tudu da ruwa, ya sa mu fita haƙƙinsu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.