Waiwaye: Ɓarakar ECOWAS Ta Girmi Juyin Mulkin Yamai

In ka tambayi mutumin Garu ko Kalmalo a yankin Illela yaushe zumuncin ECOWAS ya lalace, zai ce maka tun watan Yulin 2023, lokacin da sojoji suka hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum, aka garƙame iyakar Illela da Birnin Ƙonni, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta. Yana da hujjarsa, domin a lokacin ne ya ji a jikinsa. Amma bangon ya daɗe da tsagewa kafin ƙadangare ya leƙo, kuma ciniki ne ya fara tsaga shi, tun a Disambar 2007.

Ga yadda abin ya faru. Shekaru da dama Tarayyar Turai tana karɓar kayan ƙasashenmu ba tare da haraji ba, mu kuwa muna karɓar kuɗin fito a kan nata. Dokokin ƙungiyar ciniki ta duniya ba su amince da wannan gata ba, sai aka sa ƙarshen 2007 a matsayin wa'adin ƙulla sabuwar yarjejeniya mai suna EPA, wadda kowane ɓangare zai buɗe wa ɗan'uwansa kasuwa. An shirya Afirka ta Yamma ta je teburin da murya ɗaya. Wa'adi ya zo, ba a daidaita ba.

A nan kowa ya duba aljihunsa. Nijar da Benin da Mali ba su da gaggawa, domin suna cikin jerin ƙasashe mafiya talauci waɗanda Turai ta riga ta yafe wa haraji a kan komai ban da makamai. Najeriya ta dogara da ɗanyen mai, wanda ba ya jiran wata yarjejeniya kafin ya samu mai saye. Ghana da Kwaddibuwa ne suka ga ruwa ya kawo musu wuya: ayabarsu da kifin gwangwani da kokon da suka sarrafa duk Turai suke zuwa, kuma daga 1 ga Janairun 2008 haraji zai hau kansu. Sai kowace ta zagaya ita kaɗai ta amince da yarjejeniyar wucin gadi. An yi ta zarginsu da cin amana. Ni dai ban ga wanda ya yi musu tayin wata kasuwa da za ta maye musu gurbin ta Turai ba, har da babbar yaya da ke Abuja.

An yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. A Yulin 2014 shugabannin yankin suka amince a Accra da yarjejeniya ta bai ɗaya, wadda za ta buɗe kashi 75 cikin 100 na kasuwarmu cikin shekara 20. Ƙasashe 13 suka sa hannu a ƙarshen shekarar, Gambiya da Muritaniya suka biyo baya a 2018. Najeriya ta ƙi, har yau. Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa ta tsaya kai da fata cewa kayan Turai za su binne abin da ya rage na masana'antunmu, kuma duk wanda ya ga kufan masaƙun Kaduna da na Kano ba zai ce tsoron banza ba ne. Ƙin sa hannun daidai ne. Laifin Najeriya shi ne ta ƙi, sannan ta naɗe hannu. Da Ghana da Kwaddibuwa suka gaji da jira, a 2016 suka fara aiki da nasu.

To, mai karatu zai ce ina ruwan mai sayar da albasa a kasuwar Lahadi ta Illela da ayabar Abidjan? Ruwansa shi ne, tun Janairun 2015 ECOWAS ta fara aiki da tsarin kuɗin fito na bai ɗaya, daga sifili zuwa kashi 35, don kaya su biya kusan abu ɗaya ko ta Tema suka shigo ko ta Legas. Muddin farashin shigowa ya daidaita, kwastan ba shi da dalilin tsananta wa maƙwabci. Da zarar wata ƙasa ta rage wa baƙo haraji ita kaɗai, sauran za su fara zargin duk kwalin da ya fito daga wajenta: nata ne, ko na Turai ne aka sake wa riga? Zargin nan a bakin iyaka ake sauke shi, kan direba da ɗan dako.

Mun ga irinsa da idonmu, duk da cewa shinkafar da ta jawo shi daga Asiya take. Buhari ya sa hannu a yarjejeniyar cinikin bai ɗaya ta Afirka a Yamai ranar 7 ga Yulin 2019. Ba a yi wata biyu ba, a watan Agusta, ya rufe iyakokin ƙasa saboda shinkafa 'yar waje da ake saukewa a Kwatano. A Nuwamba aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wato mutumin Illela, ɗan ƙasa mai arzikin mai, ya koma sayen mai a kwalba da tsada. Manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin shinge, kayan gwari na ruɓewa a ciki. Shinkafar kuwa ba ta daina shigowa ba. Ta sauka daga tirela ta hau babur, buhu biyu ko uku a ɗaure, ta bi ta gonaki da dare. Mai ƙaramin jari ya karye, mai sanin hanya ya yi ƙiba. Sai ranar 16 ga Disambar 2020 aka buɗe Illela tare da Seme da Maigatari da Mfum.

Saboda haka lokacin da Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ƙungiyar da suka bari ta riga ta saba da kowa ya yi gabansa idan ta kai masa. Ghana da Kwaddibuwa sun sake ƙulla nasu da Ingila bayan ta bar Tarayyar Turai. Najeriya ta nuna cewa mai ƙarfi yana iya rufe ƙofa wata goma sha shida ba tare da ya shawarci kowa ba. Da wane baki za a yi wa sojojin Yamai wa'azin haɗin kai?

Ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, kuma a Maris ƙasashen uku suka ɗora harajin kashi 0.5 a kan kayan da ke shiga musu daga waje. Yanzu ke nan dole a zauna a tsara sabon ciniki da su. Ina kira ga 'yan majalisar da ke wakiltar Illela da Gwadabawa da su matsa wa Abuja ta je wannan teburi tare da sauran ƙasashen ECOWAS, kada ta je ita kaɗai, kuma a kira shugabannin 'yan albasa da dillalan shanu da direbobi a ji ta bakinsu kafin a sa hannu.