Shekara ba ta kiɗa: zare kan sayen jitar gwanjo

1/ Tun shekaranjiya ake min dariya a guruf ɗinmu na masu koyon jita, wai na bar Squier ta Japan ta shekarun 1980 na ɗauko ta Indonesiya ta 2019. Wani ma cewa ya yi na ba da zinare na karɓi gwangwani. To yau zan rama. Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Matsayata ke nan tun daga farko: shekarar ƙira tana gaya maka abin da kamfani ya yi niyyar fitarwa a lokacin. Ba ta gaya maka halin da jitar da ke hannunka take ciki yau. Wanda ya biya kuɗi saboda lamba kawai, cinikin biri a sama ya yi.

3/ Ga yadda abin ya faru. Wata tara ina tara kuɗin nan, daga abin da nake samu a gyaran waya ranakun da babu lakca, har da na abinci da na riƙa matsewa. Ba kuɗin wasa ba ne a wurina. In na yi kuskure, babu wani kawu da zai ce ga wasu ka sake.

4/ Na je wani shagon kayan kiɗa na gwanjo. Mai shagon ya ciro wata baƙar Squier ya ce: "Ɗalibi, wannan ƴar Japan ce ta asali, an daina irinta." A kanta an rubuta Japan, lambar ma ta yi daidai da tsakiyar shekarun 1980. Kuɗinta ya kusa ninka na ta kusa da ita.

5/ Wallahi raina ya biya. Ni ma na sha jin labarin: a 1982 Fender ta fara ƙera jita a Japan, a masana'antar FujiGen da ke Matsumoto, kuma na farkon, masu lambar da ta fara da JV, har yau ana yabonsu. Wannan gaskiya ne, ban musa ba.

6/ Amma na roƙe shi ya bari mu kwance wuyan. Ya yi ta ƙunƙuni, daga baya ya yarda. Noti huɗu ne kawai ke riƙe da wuyan irin wannan jita. Muna cirewa sai ga tsofaffin ramuka an toshe su an huda sababbi. Wuyan daga wata jita, gangar jikin daga wata.

7/ Ku lura da nan, don shi ne zuciyar maganar. Tun 1976 Fender ta Amurka ta mayar da lambarta kan jitar, can sama inda ake ɗaure tsirkiya, kuma yawancin na sauran ƙasashe ma a wuya lambar take. In lambar ta yi gaskiya, shekarun wuya ta faɗa maka. Sauran jikin fa? Oho.

8/ Wuyan ma da ake tinƙaho da shi, ƙarafan da ke jere a kansa, wato firet, sun cinye har sun yi kwari a wurare biyar na farko. Ƙarfen cikin wuya da ake murɗawa a miƙe shi ya ƙi motsi sam. Shekarar da aka yi ta mai kyau ce. Shekaru kusan arba'in da suka biyo baya ne ba su yi mata kyau ba.

9/ Na ajiye ta na ɗauki ta 2019. Wuya a miƙe, firet ɗin da sauransu, kowane maɓalli yana aiki. Na biya, har na samu rarar sayen ƙaramar amfilifaya. Laifina ke nan da ake ta yayatawa a guruf.

10/ Yanzu mu zo kan hujjarku, ƴan "da tsohuwar zuma ake magani". Daga ina wannan aƙidar ta fito? Daga Amurka. A Janairun 1965 Leo Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS kan dala miliyan 13. Daga nan masu tara jita suka raba tarihi biyu: kafin CBS da bayan CBS.

11/ Kuma akwai dalili. A ƙarƙashin CBS an ƙara wa kan Stratocaster girma, an koma fenti mai kauri, a 1971 aka rage notin wuya daga huɗu zuwa uku. Cikin shekarun 1970 an fitar da masu nauyin tsiya da waɗanda wuyansu bai zauna daram ba. Duk na yarda.

12/ To amma ku amsa min wannan. Farar Stratocaster da Jimi Hendrix ya kaɗa a Woodstock a watan Agustan 1969, ta wace shekara ce? Ta 1968. Ƴar CBS ce tsaf, mai ƙaton kai. Da a guruf ɗinmu yake, da kun ce masa ya sayi gwangwani 😂

13/ Haka Gibson. Les Paul ta 1959 ita ce sarauniya a wurin masu tarawa, ana sayenta da kuɗin da za su gina gidaje. Amma a zamaninta ba ta yi kasuwa ba. Saboda haka aka sauya mata fasali gaba ɗaya a 1961, ba a dawo da tsohon fasalin ba sai 1968.

14/ Irin masu launin nan da aka yi daga 1958 zuwa 1960 ba su kai dubu biyu ba. Manyan makaɗa suka ɗauke su daga baya, suna ya fita, kaya kuma ga su ƴan kaɗan. Mafi yawan tsadar nan ta ƙaranci ce da tarihi. Kasuwar masu ajiya ce, irin ta masu tara tsofaffin kuɗi.

15/ Mu kuma muka kwaso ƙa'idar attajiran da ke kulle jita a akwatin gilashi muka ɗora wa kanmu, mu da ke neman abin da za mu koyi kiɗa da shi a ɗakin hostel. Tsoho ya fi, in ji su. Tsohon me? A hannun wa ya tsufa? Ba mai tambaya.

16/ Ita kanta lambar ba ta cika faɗin gaskiya ba. A tsarin Fender ta Amurka, S na nufin shekarun 1970, E na 1980, N na 1990, Z na 2000, sai lambar farko ta nuna shekara. Da sauƙi ko? To ku saurara.

17/ An buga tambarin E4 da yawa, aka ci gaba da liƙa shi har wajen 1987 da 1988. Ka ga E4 ka ce 1984, alhali a tsakani CBS ta sayar da kamfanin a 1985, aikin ma ya tashi daga Fullerton ya koma Corona. Haka N9: akwai na 1990, akwai na 1999.

18/ Wato kamfanin da kansa bai ɗauki lambar a matsayin takardar haihuwa ba. Ballantana yanzu da ake sayar da tambarin bogi a intanet, a jiƙa shi a ruwa a manna a kan kowace jita a bi da fenti. Mai shago ma wani lokacin bai sani ba, haka ta zo masa a kwantena.

19/ Kada a ce na ce shekara ba ta da amfani. Tana da shi, in ka san abin da ya canja a cikinta. Misali Stratocaster ta Mekziko: a 2018 aka maye gurbin Standard da Player. Firet ya tashi daga 21 zuwa 22, maganaɗisun fikof ya koma alnico daga seramik.

20/ Wannan bambanci ne da za ka ƙirga da yatsa, ka ji da kunne. Ga wani: a Janairun 2017 yarjejeniyar CITES ta tsaurara cinikin katakon rosewood tsakanin ƙasashe, sai Fender ta koma pau ferro a na Mekziko. Shi ya sa fuskar wuyan wasu na lokacin ta fi haske.

21/ Ko Gibson na 2015: yawancinsu sun zo da wuya mai ɗan faɗi da injin da ke saita tsirkiya da kansa. Mutane da yawa ba su so ba. Wani kuma mai manyan yatsu faɗin ya yi masa daidai, ya samu da sauƙin kuɗi. Shekarar da aka tsana ta zama rabonsa.

22/ Irin wannan kwatancen nake girmamawa. Ka ce min "ta 2018 ta fi ta 2016 a wurina saboda ina buƙatar firet na 22", sai in ce madalla. Amma "ta da ta fi" kawai, in na ce me ya sa ka ce "haka manya suka ce"? Malam, wannan ba ilimi ba ne, gado ne.

23/ Akwai kuma abin da masu rubutu daga Turai ba za su gaya muku ba, don ba su san hunturunmu ba. Katako yana shan danshi yana saki. Jitar da ta yi shekara talatin a ƙasa mai laima, ta sha zafin kwantena, ta iso Kano a watan Janairu, dole ta motsa.

24/ Iska ta bushe, katakon wuya ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakin firet ya fito yana yankar hannu. Wuya ya lanƙwasa. Damina ta zo ya sake juyawa. A nan ƙarfen cikin wuya mai aiki ya fi min kowace shekara daraja, don sau biyu a shekara zan neme shi.

25/ To me za ka duba? Na farko, ɗaga ta ka leƙa wuyan daga kai zuwa jiki, kamar kafinta yana duba katako. Ɗan lanƙwasa ana gyarawa. Murɗewa, gefe ɗaya sama ɗaya ƙasa, ajiye ta ka yi sallama.

26/ Danna tsirkiya mai kauri a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka duba tsakiya. Ya kamata a ga ƴar tazara siririya, kamar kaurin kati. Sannan ka nemi izini a ɗan murɗa ƙarfen wuyan kaɗan a mayar. In mai shago ya hana, ka san abin da ya sani.

27/ Kaɗa kowace tsirkiya a kowane firet, kada ka ji kunya ko da mutane na jira. Jona ta a amfilifaya, murɗa kowane maɓalli. Ɗan gurnani a Strat al'ada ce, kuma wutar janareta na ƙara shi, don haka gwada wata jitar a wuri ɗaya ka kwatanta.

28/ In ta kama dole ka san shekara, nemi shaidu fiye da ɗaya. Gindin wuyan Fender sau da yawa akwai kwanan wata. A bayan maɓallan murya na Amurka akwai lamba: 137 kamfanin CTS ne, sai shekara da mako. 1377421 na nufin mako na 21 a 1974.

29/ Gibson daga 1977 ta daɗe tana amfani da lamba takwas, ta farko da ta biyar su ne shekara. Amma kafin ka fara lissafi, juya ta ka haska bayan kanta da fitilar waya. Nan suke yawan karyewa. In an liƙa an rufe da fenti, dole kuɗi ya sauka ko ta wace shekara ce.

30/ In shaidun suka saɓa wa juna, ba lallai jitar ta zama marar kyau ba. Haɗe-haɗe ma yana iya yin daɗi. Amma a sayar maka da ita a kuɗin haɗe-haɗe. Abin da na ƙi shi ne in biya kuɗin tarihi a ba ni gyaran bakin titi.

31/ Ku tsallaka Nijar ku gani. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Ibrahim Ag Alhabib na Tinariwen, ɗan Mali, da gwangwani da sanda ya fara. Yau duniya ke sayen tikiti ta kalle su. Wace shekarar ƙira ce a jikin gwangwanin?

32/ Abin da ke ba ni haushi shi ne ƙannenmu. Yaro ya shigo guruf da murnarsa ya sayi Yamaha Pacifica ko wata ƴar China mai lafiya, a yi masa caa har ya ji kunyar fito da ita. Wani kuma ya shekara biyu yana jiran "ƴar Japan", bai koyi ko kiɗa ɗaya ba.

33/ Ga yayana da ya ce na sayi gwangwani: ina girmama ka, kai ka fara nuna min yadda ake riƙe jita. Amma baƙar tana nan a shagon, ba wanda ya ɗauka. In ka yarda da lambar, je ka biya da kuɗinka. Ranar Asabar ka zo da ita, in zo da tawa, a juya mana baya a saurara.

34/ Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda ke shirin saye, ya turo hoton kai da na gindin wuya a ƙasan zaren nan mu duba tare. Ni dai na tafi, ina da gwaji ƙarfe takwas na safe kuma ban buɗe littafi ba 😭