Ma'aunin Ƙarfe a Saiwar Waken Suya: Abin da Zancen Taki Ya Manta

Duk shekara idan damina ta kankama, zancen manoma a Bakori da Funtuwa da Malumfashi ba ya wuce kuɗin buhun kamfa da na yuriya. Tsadar taki na daga cikin abubuwan da suka sa da yawa suka koma surka masara da waken suya, tunda an san waken yana gyara ƙasa. Amma aikin gyaran na wata bakteriya ce mai suna Bradyrhizobium, wadda ke zaune cikin 'yan gudajen nan masu kama da ƙuraje a jikin saiwa. Ita ke kamo naitirojin daga iska, wadda kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne, ta mayar da shi abincin shuka.

Sinadarin da bakteriyar ke wannan aiki da shi an gina shi ne da ƙarfe da wani ma'adini da ake kira molibdinam. Idan manomi ya tsaga gudan saiwa ya ga cikinsa ja-ja, to ƙarfen ne ya ba shi wannan launi, kamar yadda yake ba jini, kuma alama ce ta cewa aiki na tafiya. Sai dai ƙarfe kamar gishiri yake a miya, ƙarancinsa na kashe ta, yawansa na ɓata ta. Don haka dole bakteriya ta riƙa auna shi.

Da furotin take wannan awo. A shekarar 1981 Klaus Hantke na Jamus ya bayyana wani furotin mai suna Fur a bakteriyar E. coli. Idan ƙarfe ya wadata, sai ya manne wa furotin ɗin, shi kuma ya hau kan jigidar gado ya rufe umarnin shigo da ƙari. Idan ƙarfe ya yi ƙaranci, sai ya sauka, ƙofar ta buɗe. A bakteriyar waken suya kuwa, ɗakin binciken Mark O'Brian da ke Buffalo ta Amurka ya gano wani furotin daban mai suna Irr a 1998. Shi yana taruwa ne lokacin ƙaranci, ya kunna hanyoyin neman ƙarfe, ya rage masu cinye shi, sannan ya lalace da zarar ƙarfe ya samu.

Abin da wannan ke nufi ga gona a bayyane yake. Zuba bakteriya a iri, kamar yadda ake yi da Nodumax na cibiyar IITA da ke Ibadan, bai isa ba muddin ƙasar ba ta da abin da za ta ci. Yawan zuba yuriya shekara da shekaru na ƙara wa ƙasa tsami, kuma a ƙasa mai tsami molibdinam yana maƙalewa, saiwa ta kasa ɗaukarsa. Manomi na iya sayen ingantaccen iri, ya bi duk ƙa'ida, ya tarar da gudajen saiwarsa fari fat, bai san dalili ba.

Wasu za su ce manomin da ke fama da rashin tsaro da tsadar taki ba ya da lokacin furotin. Gaskiya ne, ba shi za a ɗora wa karatun ba. Nauyin yana kan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma. Ya kamata su auna tsamin ƙasa da ƙananan ma'adinanta a gonakin kudancin Katsina, su tattara bakteriyar da ke cikin wannan ƙasa tun asali, su binciki yadda furotin ɗinta ke jure ƙarancin ƙarfe da molibdinam idan an kwatanta da wadda aka kawo daga waje. Sakamakon kuma ya isa ga malaman gona da Hausa, cikin shawarar da za a iya aiki da ita, wato wace gona ke buƙatar farar ƙasa don rage tsami, wace kuma ke buƙatar ɗan molibdinam a jikin iri.

Molibdinam ɗin da kadada guda ke buƙata ba ya wuce a auna shi da giram. Rashin sanin lokacin da ya kamata a zuba shi kuwa yana iya jawo wa manomin Bakori asarar buhunan wake, da ƙarin kuɗin yuriya a masarar baɗi.