Sindirela Da 'Yar Bora

Zancenmu na wannan mako a kan wani tsohon fim ne na zane, watau irin wanda ba mutane ne ke wasa a ciki ba, hotuna ne aka zana da hannu ɗaya bayan ɗaya har suka zama kamar masu rai. Sunansa Cinderella, yaranmu kuwa Sindirela suke cewa. Kamfanin Walt Disney na Amurka ne ya fito da shi cikin watan Fabrairu na 1950. Ya girmi kakannin waɗansunku, amma yau ga shi cikin wayar hannu, yarinya na zaune a tsakar gida a Zandam ko Gwaram tana kallonsa, ƙanne sun yi mata rumfa.

Ga labarin a taƙaice, don wadda ba ta gani ba. Wata yarinya ce uwarta ta rasu, ubanta ya auro wata mai 'ya'ya mata biyu. Ba a daɗe ba shi ma ya rasu. Matar uba ta mai da marainiya baiwa a gidan ubanta: shara ita, wanki ita, ba ta da abokan hira sai ɓeraye da tsuntsaye. Ran nan Sarki ya kira biki don ɗansa ya zaɓi mata. Ɓerayen suka gyara mata rigar uwarta, 'ya'yan matar uba suka yayyaga ta a jikinta. Tana cikin kuka sai wata tsohuwa mai sihiri ta bayyana, ta mai da kabewa keken doki, ta ba ta sutura da takalman gilashi, da sharaɗin ta komo kafin sha biyun dare. Yarima ya gan ta ya so ta. Wajen gudu ta yar da takalmi ɗaya, da shi aka bi gida gida har aka same ta.

To, tun ran da fim ɗin nan ya fito bakin masu kallo da na masu sharhi bai zo ɗaya ba. Masu kallo dai sun yi tururuwa. Lokacin nan ana bin kamfanin bashin fiye da dala miliyan 4, marainiyar nan ce ta fid da shi kunya. A bikin finafinai na farko da aka yi a birnin Berlin na Jamus cikin 1951 ya ci kyauta, har da wadda 'yan kallo suka zaɓa da kansu. Aka yi ta sāke nuna shi a gidajen sinima, a 1957 da 1965 da 1973 da 1981 da 1987. Masu sharhi a jaridu kuwa sun yaba waƙoƙin da kyan zanen, amma sun sa "amma". Jaridar Variety ta Amurka ta ga dabbobin sun fi mutanen rai, ta kwatanta fuskar yarinyar da ta Yariman da ta 'yar tsana. A nan ina bayansu. Duk wadda ta kalla ta san ɓeran nan mai ƙiba da mugun kyanwan gidan su ne gishirin wasan. Kyanwan ma sunan Iblis na Turawa aka sa masa, ku ji fa!

Daga baya sūkar ta sāke kama. Matan Turai da Amurka masu ilmi suka ce fim ɗin yana koya wa 'yan mata zaman jira. Cikin 1981 wata Ba'amurkiya, Colette Dowling, ta rubuta littafi sukutum, ta ɗauki sunan Sindirela ta laƙaba wa halin macen da ke tsoron tsayawa da ƙafarta, tana jiran wani ya zo ya ɗauke mata nauyin rayuwa. A 2018 kuma Keira Knightley, 'yar wasan fim ta Ingila, ta faɗa a talabijin cewa ta hana 'yarta kallonsa, don yarinyar cikin labarin jiran mai kuɗi take yi ya cece ta. A shekarar nan dai gwamnatin Amurka ta sa shi cikin finafinan da za a adana don tarihi. Mu ma nan gida akwai masu tasu sūkar, iyayen da ba su son rawar nan ta namiji riƙe da mace, kuma ba a ce ba su da hujja ba.

Ku 'yan makaranta, ku saurara da kyau, don akwai gaskiya cikin maganar matan nan. Ku duba Yariman. Har fim ya ƙare ba a faɗi sunansa ba. Dare ɗaya ya gan ta, bai tambayi sunanta ba, balle na ubanta. Da ta ɓace ma ba shi ya fita nema ba, wani babban bafade aka aika da takalmi a kan matashi. A ƙasarmu ko akuya ba a saye haka, sai an duba haƙori. In wani ya zo ƙofar gidanku da mota mai ƙyalli ya ce ki bar aji biyar ki bi shi, tambayi kanki abin da kika sani game da shi ban da motar.

Amma cewa yarinyar ba ta yi kome ba sai jira, wannan ban yarda ba. Ita ta tsaya gaban matar uba ta ce takardar Sarki ta haɗa da ita. Da aka kulle ta a ɗakin sama, ita ta yi dabarar a kira karen gida ya kori kyanwa. Da matar uba ta sa aka fasa takalmin, ita ta fito da ɗaya ƙafar da ta adana. Wanda ya ce marainiya ta tashi ta ceci kanta, sai ya gaya mana inda za ta. Ba uwa, ba uba, ba dangi, ba sisi.

Abin da masu sharhin ƙetare ba za su gane ba shi ne dalilin da ya sa matanmu, waɗanda da yawa ba su jin Turancin da ake yi a ciki, suke bin labarin tiryan-tiryan. Ai namu ne. Wace ce cikinku ba a yi mata tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa ba? Cikin tatsuniyoyin da wani Bature, Frank Edgar, ya tara daga bakin Hausawa, aka buga tsakanin 1911 da 1913, akwai ta wata marainiya da kishiyar uwa ke gallaza wa. Ɗan abincin da ta samu takan kai kududdufi ta ba kwaɗi. Ran biki kwaɗo ya sāka mata da tufafi da kayan ado da takalma, ta bar ƙafa ɗaya a dandali, ɗan sarki ya sa aka gwada wa 'yan matan gari. Wani masani, William Bascom, ya yi rubutu a kanta a 1972. Baturen Faransa Charles Perrault, wanda daga littafinsa na 1697 aka ɗauko fim ɗin, shi ma tsintar labarin ya yi, don mutanen Sin sun rubuta irinsa tun ƙarni na 9, nasu da kifi. Ko Sangaya, fim ɗin Hausa na Ali Nuhu da Fati Mohammed, ai 'yar aikin gidan sarauta ce Yarima ya so. Shi ma an yi ta sūkar waƙa da rawarsa, mata kuwa suka yi ta sayen kaset.

Ku lura da bambanci ɗaya. A tatsuniyarmu alherin da ta yi wa kwaɗi ne ya komo mata, ba haka kawai taimako ya faɗo daga sama ba. Ni dai ta wannan fuska tamu ta fi tasu.

Yanzu ke uwargida, da ke nake. Kin zauna kin kalli fim ɗin nan, kin tsine wa matar uba, har kin share hawaye da gefen zane. Wa ke wanke-wanke a bakin rijiya sa'ad da kike kallon? A garuruwanmu gida nawa ne babu 'yar riƙo, ko 'yar kishiyar da ta rasu, ko wadda aka saki uwarta ta tafi ta bar ta? Da safe 'ya'yan ɗaki su sa kayan makaranta, ita a ɗora mata farantin talla. Ran salla a ɗinka musu sabuwar atamfa, ita a rage mata tsohuwa. Matar uban cikin fim ba ta cika ɗaga murya ba, a hankali take magana, har da murmushi, baƙo ya shigo ya ce mutuniyar kirki ce. Wannan wurin mai zanen ya san mutane ƙwarai. Marainiyar gidanki kuwa ba tsohuwa mai sihiri da za ta zo mata, ba kwaɗo, littafi da alƙalami ne kaɗai keken dokinta, su ma a hannunki da na maigida suke.

Ina roƙon 'yan makaranta na Zandam da Gwaram da Birnin Kudu, in kun je hutu ku sa kakanninku su yi muku tatsuniyar nan yadda suka ji ta, ku rubuto mana. Ina so in ji ko a wajenku kwaɗo ne ya taimake ta ko wata dabba, da kuma abin da ya sami 'yar mowa a ƙarshe.