Matacciyar mota a ƙofar gida: a ba ta wa'adi

Duk wanda ya ratsa lungunan Tawa, daga Bilbis zuwa Wadata, ko ya fita Kalfu da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ba zai rasa ganinta ba: tsohuwar Peugeot 504 ko Toyota a ɗore kan duwatsu, babu taya, babu gilashi, awaki na ƙailula a ƙarƙashinta. Shekara da shekaru tana nan. Maƙwabta na gunaguni a cikin gida, amma in an haɗu a masallaci sai gaisuwa, don ba wanda ke son a ce shi ne ya fara magana kan dukiyar wani.

Wannan jarida na ganin kunyar ta yi yawa.

Sai dai kafin a zargi kowa da sakaci, a duba yadda motar ta zo nan. Adar ƙasar ƴan bida ce. Matashi ya tafi Abijan ko Libiya, ya yi guminsa, ya sayi mota ƴar Kwatano ya turo gida don ta riƙa jigila ranar kasuwa, ta ciyar da iyali. Hanya ta cinye ta, injin ya buga, mai ita kuwa yana can nesa. Ƙanensa ba ya da ikon sayarwa, tsohon gida ba zai taɓa kayan ɗansa ba sai da izini, shi kuma a waya kullum maganarsa ɗaya ce, a bari sai ya zo. Wata motar kuma ta mamaci ce. An raba gona, an raba dabbobi, aka bar ta don ba a san yadda za a yi wa ƙarfe ƙima ba, sunan marigayi kuma yana nan a takardunta. Magada goma ke da ita, shi ya sa babu mai ita.

Akwai wani dalili sabo. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kaya da yawa sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso kafin su iso, kayan gyaran mota kuma suka yi tsada. Matacciyar mota ta zama wurin cirar kaya: yau a kwance fitila, gobe ƙofa. Wannan lissafi ne mai ma'ana, ba mu raina shi ba. Amma wurinsa garejin makanike ne, ba tsakiyar lungun da amalanken jaki ke bi da dammunan hatsi lokacin kaka ba.

Cutarwar ba ɓoyayya ba ce. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa na taruwa cikin tsofaffin tayoyi da kwarmin ƙarfe, sauro ya hayayyafa daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci da yara. Batirin da ya fashe na zubar da guba da dalma a ƙasar da yara ke wasa. Kunama da maciji na samun mafaka. In gobara ta tashi, ko mace mai naƙuda na buƙatar mota har ƙofar gida, lungun ya toshe.

Mai mota zai ce ƙofar gidansa ce. Malaman Malikiyya, waɗanda a kan fiƙihunsu muke, sun yarda mutum ya amfana da filin da ke gaban gidansa, ya zauna, ya ɗaure dabba, amma da sharaɗin kada ya ƙuntata wa masu wucewa ko ya cutar da maƙwabci. Dokar ƙasa ma haka take: tun 1993 Nijar ke da dokar tsabtar jama'a da ta hana mai da hanya juji. Abin da ya rage shi ne wanda zai tsaya a yi aiki da su.

Ba ma goyon bayan a wayi gari a ga motar ma'aikatar magajin gari na jan kayan talakawa ba sanarwa. Irin wannan samame kwana biyu yake yi, ya bar ƙiyayya, ya buɗe ƙofar cin hanci. A garuruwa irin Kalfu, inda maganar sarki da ta mai gari ta fi takarda nauyi, daga nan ya kamata a fara. Mai unguwa ya ƙidaya motocin, ya kira dangin kowace, a buga wa na Abijan waya a gaban shaidu, a ba shi wa'adi bayyananne kafin damina: ya gyara, ya shigar cikin gida, ko ya wakilta wanda zai sayar. In ta gado ce, liman ko alƙali ya sa masana su yi mata kuɗi, a raba wa magada, marayu su sami rabonsu tun tsatsa ba ta cinye shi ba.

Masu saye kuwa ba sa wuya. Maƙeran Adar sun daɗe suna ƙera hauya da gatari da sifirin mota, masu walda na neman gatarin taya don haɗa amalanke, masu zubi na narka sanholon inji su yi tukwane, taya kuma ta zama takalmi da wasaki. Abin da ya saura ƴan gwangwan na aunawa a sikeli su yi Ƙonni da shi. Abu guda muke jan kunne a kansa: kada a sayar ba takarda da shaidu, don cinikin tsohon ƙarfe hanya ce da ɓarayin mota suka sani.

Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun gundumomi, kantomomin da aka naɗa ke riƙe da Tawa da Kalfu. Ba su da zaɓe a gabansu, ba su da uzurin tsoron ɓata wa wani rai. Su ware fili ɗaya a bayan gari inda za a ajiye motar da wa'adinta ya cika, a rubuta sunan mai ita da lambarta, a kuma sanar a gidajen rediyo da Hausa da Tamashek tun kafin ruwan farko ya sauka.